Werner von Siemens: Yayan da Ya Zama Uban Ƙannensa

Sunan Siemens sananne ne a jikin injunan lantarki da na'urorin asibiti, amma kaɗan ne suka san cewa wannan babban kamfani ya samo asali ne daga damuwar wani saurayi kan yadda zai ciyar da marayun gidansu.

An haifi Werner Siemens ran 13 ga Disamba, 1816, a ƙauyen Lenthe kusa da birnin Hanover a ƙasar Jamus. Shi ne na 4 cikin 'ya'ya 14 na wani manomi mai hayar gona. Da yake mahaifinsa ba shi da halin biya masa kuɗin jami'a, sai ya shiga sojan igwa na masarautar Prusiya, inda ya sami damar koyon lissafi da kimiyya a makarantar sojoji ta Berlin daga 1835 zuwa 1838.

Mahaifiyarsa ta rasu a 1839, mahaifinsa kuma ya bi ta a farkon 1840. Werner yana da shekara 23 a lokacin, albashinsa na ƙaramin hafsa bai taka kara ya karya ba, ga kuma ƙanne ƙanana masu bukatar abinci da makaranta. Ya ɗauki nauyinsu a kansa, ya kuma gane cewa iliminsa ne kaɗai jarin da zai juya domin riƙe su.

Ana cikin haka aka tsare shi a kurkukun Magdeburg saboda ya tsaya wa wani abokinsa a faɗan fito-na-fito da doka ta hana. A ɗakin da aka kulle shi ya ci gaba da gwaje-gwaje, har ya gano hanyar shafa wa ƙarfe ruwan zinariya da azurfa da ƙarfin lantarki. A 1843 ƙanensa Wilhelm, wanda bai cika shekara 20 ba, ya tafi Ingila ya sayar da wannan fasaha, kuɗin ya rage wa gidan raɗaɗin talauci.

A watan Oktoba na 1847 Werner ya haɗa hannu da wani gwanin maƙeri, Johann Georg Halske, suka buɗe ƙaramar masana'antar na'urorin tangaraho a Berlin, da jarin da wani ɗan baffansa ya zuba. Yayin da aiki ya bunƙasa, ya danƙa wa Wilhelm reshen Landan, Carl kuma ya riƙe na Rasha. Amanar da ke tsakanin 'yan'uwan nan uku ce ta ba su ikon shimfiɗa wayar tangaraho daga Landan zuwa Kalkata a ƙasar Indiya, aikin da aka kammala a 1870. Saƙon da a da yake ɗaukar makonni ya koma isa cikin ƙasa da awa ɗaya.

Wannan riƙon zumunci bai zo a banza ba. Halske, wanda bai gamsu da irin kasadar da 'yan'uwan ke yi da dukiya ba, ya janye daga kamfanin a 1867. Ƙannensa biyu, Walter da Otto, sun rasu a birnin Tiflis, nesa da gida, suna bakin aikin iyalin. Matarsa ta fari, Mathilde, ta rasu a 1865 ta bar masa 'ya'ya 4. Ya sake aure a 1869, ya sami ƙarin 'ya'ya 2.

Ta fuskar kimiyya, babban aikinsa shi ne na 1866, lokacin da ya nuna yadda injin zai samar da lantarki mai yawa ba tare da dogaro da maganaɗisu na dindindin ba. Daga nan aka sami jirgin ƙasa mai tafiya da lantarki da ya nuna a Berlin a 1879. Har yau masana na kiran ɗaya daga cikin ma'aunan lantarki da sunansa.

Wanda ya ɗanɗani maraici ya san zafinsa. A 1872 ya kafa asusun fansho domin ma'aikatansa, tare da tanadi ga matansu da 'ya'yansu idan mai gida ya rasu, shekaru da dama kafin gwamnatin Jamus ta kafa dokar fansho a 1889. Sarki ya ba shi sarautar girmamawa a 1888, ya rasu ran 6 ga Disamba, 1892.

'Yan'uwa, da yawa a cikinmu na riƙe da marayun 'yan'uwansu, wasu kuma na ganin wannan nauyi tamkar abin da ke hana su ci gaba. Rayuwar Werner ta nuna cewa kula da ƙannensa ce ta sa shi ƙwazo, su kuma da suka girma suka zama ginshiƙan aikinsa. Bai jira sai ya yi arziki kafin ya riƙe su ba.