Joseph Whitworth: Makaniken da ya koya wa ƙarfe zama daidai da ƙarfe

An haifi Joseph Whitworth ranar 21 ga Disamba, 1803, a garin Stockport na ƙasar Ingila. Mahaifinsa malamin makaranta ne, daga baya ya zama limamin coci. Tun yana yaro aka tura shi masana'antar kaɗin auduga ta kawunsa a Derbyshire, sai dai injinan suka fi ɗaukar hankalinsa a kan audugar. A 1821 ya koma Manchester ya kama aikin makanikanci, a 1825 kuma ya nufi Landan, inda ya shiga hannun Henry Maudslay, gwanin ƙera injina na wancan zamani.

A lokacin, kowane ɓangaren inji sai an zauna an goge shi da hannu har ya shiga mazauninsa. Idan ya lalace, na wani injin ba zai maye gurbinsa ba. Whitworth ya gane cewa tushen matsalar shi ne rashin fuska shimfiɗaɗɗiya ta gaskiya da za a riƙa gwada sauran da ita. Faranti biyu na ƙarfe suna iya haɗuwa cif alhali ɗaya ya yi doro, ɗayan ya yi kwari. Amma idan faranti uku ne, kowanne ya zauna daidai a kan sauran biyun, to babu makawa dukkansu shimfiɗaɗɗu ne. Maimakon goga su da gari, sai ya riƙa shafa launi a fuskar ɗaya, ya ɗora ɗayan, ya kankare duk inda launin ya nuna tudu. Aiki ne na haƙuri. Ya bayyana dabarar a wani taron masana a Glasgow a 1840, shekara bakwai bayan ya buɗe masana'antarsa a Manchester.

A 1841 ya gabatar da tsarin zaren noti na bai ɗaya, mai kusurwar digiri 55, wanda kamfanonin jiragen ƙasa suka runguma har ya game Birtaniya. Ya kuma ƙera na'urar awo mai iya gano bambancin kashi ɗaya cikin miliyan na inci.

Inda ilimin nan ya fuskanci jarrabawa mafi tsauri shi ne bindiga. A zamanin yaƙin Crimea gwamnati ta nemi taimakonsa wajen ƙera makamai, shi kuwa ya fito da bindigar da cikin bututunta ba zagaye ba ne. Gefe shida gare shi, a murɗe, yana cika juyi ɗaya a kowane inci 20, harsashinsa ma mai gefe shida ne, faɗinsa inci 0.451. Abu mai zagaye awo ɗaya ya kusan wadatar da shi, wato faɗinsa. Mai gefe shida kuwa dole a kula da tazarar kowane gefe da kishiyarsa, da kusurwoyin nan shida, da shimfiɗar kowace fuska, da murɗar da ke tafiya tun daga gindi har baki. Kuskure kaɗan a ɗaya daga ciki ya isa ya hana harsashi shiga, ko da faɗinsa daidai yake. Idan kuma aka sassauta fiye da kima, ƙarfin albarushi ya zurare ta gefe, saiti ya ɓaci. Wannan ɗan rangwamen da ke tsakanin matsewa da sakwarkwacewa shi ne injiniyoyin ƙarni na 20 suka zo suka tsara wa alamomi a zanen aiki, suna ƙayyade siffa da kusurwa da matsayi, ba girma kaɗai ba.

A gwajin da aka yi a Hythe a 1857, bindigarsa ta kere ta Enfield nesa ba kusa ba. A 1860 Sarauniya Victoria ta buɗe gasar harbi a Wimbledon da ita, daga nisan yadi 400, harsashin ya sauka dab da tsakiyar bara, kodayake an riga an kafa mata bindigar an saita, igiya kawai ta ja. Duk da haka rundunar soja ba ta karɓe ta a matsayin makamin kowane soja ba. Ta yi tsada, kuma daidaiton da ya ɗaukaka ta shi ya zame mata cikas: bayan 'yan harbe-harbe, dattin albarushi kan taru a kusurwoyin bututun har ɗura harsashi ya yi wuya. Hukuncin sojojin yana da hujja, domin filin daga ba ɗakin gwaji ba ne. Gwanayen harbi na ɓangaren Kudu a yaƙin basasar Amurka su suka fi cin moriyarta.

A 1868 ya kafa tallafin karatu guda 30 ga matasa masu koyon injiniyanci, a shekarar da ta biyo baya aka ba shi sarautar girmamawa. Ya rasu a Monte Carlo ranar 22 ga Janairu, 1887, aka binne shi a Darley Dale. Bai bar ɗa ba. Daga dukiyarsa aka samar da gidan adana zane-zane na Whitworth da asibitin ciwon daji na Christie, dukansu a Manchester.