MUHAMMADU AL-KATSINAWI: MASANIN LISSAFI DAGA ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Ɗalibai da yawa a Samaru Kataf da Kafanchan, kai har da Zariya da Kano, sukan gama sakandare suna ɗauka cewa lissafi kayan Turawa ne. Tarihin Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi ya isa ya gyara wannan tunani.

Rayuwarsa

Bafulatani ne mutumin Katsina, wanda ya rayu a farkon ƙarni na 18. Ya yi karatu a hannun manyan malamai, ciki har da Muhammad al-Wali na ƙasar Bagirmi. Ya ƙware a nahawun Larabci da ilmin taurari da lissafi. Bayan ya yi aikin Hajji sai ya zauna a Alƙahira, a gidan Shehi Hasan al-Jabarti. A nan ya rasu a shekarar 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan gidan, wato masanin tarihi Abdurrahman al-Jabarti, shi ya adana mana labarinsa.

Aikinsa A Kan Lambobi

A shekarar 1732 ya rubuta littafinsa Bahjat al-Afaq, inda ya yi bayanin hatimi. Hatimi zane ne mai gidaje, da ake jera lambobi a ciki ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla iri ɗaya. Hausawa sun raba lambobi gida biyu: cika, kamar 4 da 6, da kuma mara, kamar 3 da 5. Al-Katsinawi ya nuna hanyoyin gina hatimi mai layukan mara.

Ga misali da lambobi 1 zuwa 9: layin farko 4, 9, 2, na biyu 3, 5, 7, na uku 8, 1, 6. Duk ta inda aka tara, 15 za a samu. Hatimi mai layi 5 yana ba da 65, mai layi 7 kuma 175. Ƙa'idar ita ce a ninka yawan layukan da kansa, a ƙara 1, a sake ninkawa da yawan layukan, sannan a raba biyu. Da haka za a gane cewa hatimi mai layi 101 yana da gidaje 10,201, kuma jimlar kowane layi 515,201 ce, ba sai an zana shi ba.

Kammalawa

Saboda malaman tsibbu suna amfani da hatimi wajen rubuta laya, mutane sun manta da lissafin da ke cikinsa. Da Larabci malamin ya yi rubutunsa, don haka yawancin jikokinsa ba sa iya karanta shi. Aiki ya rage gare mu ɗaliban harshe: mu fassara irin waɗannan ayyuka zuwa Hausa, mu kuma samar da kalmomin lissafi da yaran firamare za su fahimta.