MALAM AMINU KANO (1920–1983): MALAMIN MAKARANTA DA SAMARIN SAWABA

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san sunan Malam Aminu Kano, sai dai galibi ana tuna shi ne a matsayin jagoran talakawa wanda ya yi takarar shugabancin ƙasa. Wannan darasi zai dube shi ta wata fuska wadda ta fi kusa da ɗalibin da ke koyon aikin malanta, wato yadda wani malamin makaranta ya ɗauki matasa ya nuna musu cewa suna da haƙƙi a cikin mulkin garuruwansu, da kuma abin da ya biyo baya lokacin da waɗannan matasa suka girma.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920. Zuriyarsu Fulani ne Genawa, waɗanda suka shahara da ilimin shari'a, mahaifinsa Malam Yusufu kuwa ma'aikaci ne a kotun alƙali. Ya fara karatun allo a gida, sannan ya shiga makarantar elementare ta Shahuci da Midil ta Kano. A 1937 ya wuce Kwalejin Kaduna, wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa a Zariya, ya kammala a 1942. Tun yana ɗalibi yake tsara wasannin kwaikwayo da Hausa masu zambo ga zalunci da ha'inci, shi ya sa masu nazarin tarihin wasan kwaikwayon Hausa ba sa tsallake sunansa.

Mulkin En'e

Ba za a fahimci gwagwarmayarsa ba sai an san yadda ƙaramar hukuma take a wancan zamani. Turawan mulkin mallaka sun bar harkokin cikin gida a hannun hukumar gargajiya, wadda aka fi sani da En'e. Sarki ne kan gaba, a ƙarƙashinsa akwai hakimai da dagatai da masu unguwanni. Baitulmali na En'e ne, haka nan kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari, ita ce kuma take karɓar haraji da jangali. Razdan da Di'o suna sa ido daga gefe. Babu wanda talaka ya zaɓa a cikin wannan jeri, kuma saurayin da ya gama Midil ko kwaleji iyakarsa ya zama malamin ofis ko malamin makaranta, ya rubuta abin da aka ce ya rubuta. Shawara ta manya ce da 'ya'yan gidan sarauta. Ga shi kuma mafi yawan 'yan bokon nan En'e ce take biyansu albashi, saboda haka wanda ya buɗe baki ya san abincinsa yake wasa da shi.

Zaman Bauci

Da ya fito daga kwaleji sai aka tura shi Midil ta Bauci, yana da shekara 22. A nan ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa, ya kuma haɗu da Malam Sa'adu Zungur, mutumin da ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa na siyasa. A wajen 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a garin, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa suke zama su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Malam Aminu ne magatakarda. Abin ya tafi lami lafiya har zuwa lokacin da samarin suka fara tambaya a kan tsarin mulkin En'e kansa da albashin sarakuna. Daga nan hukuma ta ga abin ya wuce hira, zauren ya mutu.

Zauren bai daɗe ba, amma a ganina a nan ne Malam Aminu ya gano hanyar da ya bi har ƙarshen rayuwarsa. Ya lura cewa matashi ba ya koyon shugabanci ta hanyar sauraron huɗuba kawai. Sai an ba shi ajanda ya tsara, an sa shi ya rubuta bayanin taro, ya tsaya gaban wanda ya girme shi ya kawo hujja cikin ladabi ba tare da ya janye ba. Haka yake yi wa ɗalibansa a aji da wajen aji, ta hanyar muhawara da wasan kwaikwayo.

A 1946 ya sami tallafin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Bayan ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, daga bisani aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru a lardin Sakkwato.

Shekarar 1950

Abubuwa uku suka faru a wannan shekara. A watan Agusta Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙuduri a majalisar Arewa a Kaduna yana neman a yi wa En'e garambawul. A ranar 8 ga watan kuma wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda Hausawa suka fi sani da Jam'iyyar Neman Sawaba. Daga cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Maitama Sule da Mudi Sipikin da Magaji Ɗambatta, ukun ƙarshen nan kuwa shekarunsu ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin domin yana aikin gwamnati a Maru. Kafin shekarar ta ƙare ya ajiye aikin ya dawo Kano, a 1953 kuma ya zama shugaban jam'iyyar.

Tafawa Ɓalewa gyara yake nema daga ciki, a hankali, da yardar sarakuna. NEPU kuwa cewa take majalisun En'e da na gundumomi da na ƙauyuka su koma hannun waɗanda jama'a suka zaɓa, a kuma raba kotu da ikon masu mulki. Masu yaɗa wannan kira teloli ne da 'yan tireda da malaman allo da 'yan koli, yawancinsu samari. Jam'iyyar tana da reshen matasa mai suna Rundunar Samarin Sawaba. A Zariya kuma wata matashiya, Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta zama jagorar mata, aka ɗaure ta sau da dama saboda haka, alhali matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a rabin ƙarshe na shekarun 1970.

Sun sha wuya ƙwarai. A zaɓen 1951, wanda aka yi hawa-hawa, 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma doka ta ba En'e ikon ƙara mutanenta a matakin ƙarshe, don haka ba su kai majalisa ba. Yin lacca sai da izinin En'e, wanda ya saɓa kuwa 'yan dokarta ne za su kama shi, alƙalinta ya yi masa hukunci, a kai shi kurkukunta. Ya kamata a faɗi gaskiya cewa a wannan zamani ne kuma aka fara amfani da samari a matsayin 'yan banga, kuma babu ɓangaren da ya tsira daga wannan aibi. Bambancin da ke tsakanin saurayin da aka ba sanda da wanda aka ba alƙalami da kujerar shawara shi ne abin da har yau siyasar ƙananan hukumomi ba ta gama warwarewa ba.

Shi kansa Malam Aminu ya faɗi zaɓen majalisar tarayya a 1954, wanda ya kayar da shi kuwa Maitama Sule ne, wanda ya riga ya koma NPC. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas.

Faɗuwar En'e da rikicin santsi da taɓo

Abin da NEPU ta nema ta hanyar ƙuri'a, a hannun soja ya samu. A zamanin Janar Yakubu Gowon, wanda Malam Aminu ya yi wa kwamishinan sadarwa da na lafiya, aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Garambawul na 1976 kuma ya kafa ƙananan hukumomi kimanin 300 masu tsari iri ɗaya a duk Nijeriya, aka fara zaɓen kansiloli. Yawansu a yau 774.

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP. A zaɓen 1979 bai ci shugabancin ƙasa ba, amma jam'iyyar ta sami gwamnoni biyu: Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, yana da shekara 39. Rimi ya soke haraji da jangali, abin da talakawan NEPU suka kwashe shekara kusan talatin suna kuka a kai, ya kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci.

Ba a je ko'ina ba sai baraka ta kunno kai. Gwamnonin biyu suka riƙa halartar taro da gwamnonin UPN da GNPP, shugabancin jam'iyya ya hana, suka ƙi bari. PRP ta dare gida biyu, 'yan taɓo suna tare da Malam, 'yan santsi suna tare da gwamnoni. Magoya bayan Malam suna ganin yaran da aka raina ne suka yi wa uba tawaye da suka ɗanɗana mulki. 'Yan santsi kuwa suna ganin darasin da ya koya musu suke aiki da shi, wato kada girman mutum ya hana a yi masa tambaya. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma mai nazari zai yi wa tarihi adalci idan bai gaggauta yanke hukunci ba. Majalisar dokokin Kaduna ta tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, Rimi kuma ya koma NPP a 1983.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana shirye-shiryen zaɓen da zai sake tsayawa takara. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, wanda a yau ake kira Gidan Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero. Wata huɗu bayan rasuwarsa aka yi zaɓen gwamna a Kano, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi.