Ibrahim Narambaɗa Tubali, Makaɗin Sarkin Gobir Na Isa

Duk wanda ya zauna ƙasar Shinkafi ko Zurmi ko Ƙaura Namoda ya san sunan Ibrahim Narambaɗa, ko da bai taɓa ganinsa ba. An haife shi a Tubali, wani ƙauye na ƙasar Shinkafi, wadda ta ke cikin lardin Sakkwato a zamaninsa, amma tun 1996 ta koma Jihar Zamfara. Mahaifinsa ɗan kokawa ne, shi ma da kokawa ya fara suna. Kiɗa kuwa ta wajen uwa ya gaje shi. An ce laƙabin nan nasa ya samo shi ne daga wata karya tasa mai suna Rambaɗa.

Da ya ɗauki kotso, waƙar noma ya fara yi, yana zuga manoma a bakin kunya. Daga nan ya shiga fada, har ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, wanda ya yi wa mafi yawan waƙoƙinsa. Ya kuma yi wa waɗansu sarakuna da alƙalai na wannan yanki.

Mutane da yawa sun ɗauka waƙar fada yabo ce kurum don neman riga da doki. Wanda ya kasa kunne ga Narambaɗa ya san ba haka ba ne. In ya kira ubangidansa giwa, ko dutse, ko babban gulbi, ba girma kaɗai ya ke nufi ba, yana nuna masa abin da sarauta ta ke bukata ne, watau ya daure wa mahassada da 'yan uwa masu neman gadonsa, kada ya razana. Sa'an nan ya kan juya ya yi ta faɗar halin duniya, yadda daɗi da wuya su ke bin juna, da cewa abin da Allah ya rubuta wa bawa ba ya wuce shi. A nan ne talaka ya ke samun rabonsa, gama manomin da fari ya cinye wa gero, ga kuma haraji yana jiransa, ya kan ji kamar da shi a ke.

Ko waƙar Dokin Iska Ɗanfilinge, wadda yara su ke so saboda sukuwa, a ganina juriyar dokin ce gishirinta, ba saurinsa ba. Bakandamiya kuwa, can ne ya yi wa kansa kirari, ya nuna waƙa aiki ce mai son naci kamar karatu.

Hausarsa ta Gobir da Zamfara tana da nauyi. Ya rasu a farkon shekarun 1960, amma an riga an ɗauki muryarsa, gidajen rediyo suka yi ta sa ta, malaman jami'a kuma suka rubuta baitocin suna koyar da ɗalibai.