Gwamna Girouard da Hanyar Jirgin Baro

Da yawa daga cikinmu sun sha wucewa ta Minna ko Zariya cikin jirgin ƙasa, amma ba kowa ya san mutumin da ya tsara wannan hanya ba. To, ga taƙaitaccen labarinsa.

An haifi Percy Girouard a birnin Montreal na ƙasar Kanada cikin shekara ta 1867. Ya yi karatu a makarantar soja ta Kingston, ya taɓa aikin reluwe a ƙasarsu, sa'an nan cikin 1888 ya shiga rundunar injiniyoyin sojan Ingila.

A Sudan sunansa ya fara fita. Cikin 1897 Janar Kitchener ya sa shi ya shimfiɗa dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamed, wajen mil 230, ta tsakiyar hamadar da ba gari ba inuwa. Masana da dama sun ce ba ta yiwuwa, amma kafin shekarar ta ƙare jirgi ya isa. Daga nan ya riƙe jiragen ƙasan Masar, ya kuma riƙe na Afirka ta Kudu zamanin yaƙin Bowa.

Saboda wannan gwaninta aka aiko shi Nijeriya ta Arewa cikin 1907, ya gaji Gwamna Lugga. A lokacin nan kaya a kan 'yan alaro da jakuna suke tafiya. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta da kuɗi, ga shi ba ta son ta dogara ga Ikko. Don haka aka zaɓi Baro, wani ɗan ƙauye na ƙasar Nupe a bakin Kwara, inda jiragen ruwa ke iya zuwa daga teku idan kogi ya kawo. Nan da nan ƙauyen ya zama tasha. Aka yi kwata, aka gina ma'aji da gidajen ma'aikata, ana ta sauke ƙarafa da injuna. John Eaglesome shi ne ya tsaya kan aikin. Dogon ya bi ta Badeggi da Minna da Zariya, mil 356, ya shiga Kano cikin 1911.

Sai dai kada mu manta da waɗanda suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta da kwando. Dubban talakawa ne, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, waɗanda aka tara ta hannun sarakuna, da yawansu kuwa ba da son ransu suka baro gonakinsu ba. Ba wanda ya rubuta sunayensu.

Girouard bai ga ƙarshen aikin ba, gama cikin 1909 aka mai da shi Gwamnan Afirka ta Gabas, inda ya ajiye aiki cikin 1912 bisa rikicin ƙasar Masai. Ya mutu a London cikin 1932.

Abin mamaki, auduga Turawa suka sa rai jirgin zai kwaso, sai manoman Kano suka cika shi da gyaɗa. Baro kuma ba ta daɗe tana cin moriya ba. Dogon Ikko ya zo ya haɗu da nata a Minna, da aka gama gadar Jebba cikin 1916 kuwa sai kaya suka miƙe zuwa teku ba sauke-sauke, ba jiran ruwa. Hanyar da Baro ta haifa ta ɗaukaka Kano da Zariya, ita kuwa ta koma ɗan garin da take tun farko.