Malam Aminu Kano da ƙungiyar da talaka ya ɗauki nauyinta

Tun da gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID a shekarar 2025, ƙungiyoyin sa-kai da dama masu wayar da kan jama'a game da zaɓe da shugabanci nagari suka shiga tsaka mai wuya, domin akasarinsu da tallafin waje suka dogara. Wannan ya sa na ga dacewar mu waiwayi rayuwar mutumin da ya fi kowa jawo talakan Arewa cikin siyasa, wato marigayi Malam Aminu Kano, mu ga da wane kuɗi ya yi nasa aikin.

An haifi Malam a unguwar Sudawa cikin birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai masana shari'a. Bayan ya kammala Kwalejin Kaduna, sai ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi a 1942, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. A can ne aka kafa wani dandalin muhawara na 'yan boko da ma'aikatan En'e, da yardar Turawan mulki da kuma goyon bayansu, Malam Aminu na daga cikin jagororinsa. Dandalin ya yi armashi, har zuwa ranar da aka tayar da maganar yadda ake ƙayyade albashin sarki. Daga nan hukuma ta janye hannunta, dandalin ya watse. Malam ya gani da idonsa cewa wanda ya ba ka inuwa yana iya sare bishiyar ranar da ka taɓo inda ke masa ƙaiƙayi.

A 1946 ya tafi karatu Landan, da ya dawo kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, kuma kafin shekarar ta ƙare Malam ya ajiye aikinsa na koyarwa a Maru, ya rabu da albashi, ya rungumi gwagwarmaya. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

NEPU ba ta da baitulmalin En'e a bayanta. Teloli da mahauta da 'yan koli da fatake da malaman zaure su ne suka riƙe ta, da kuɗin kati da karo-karo da kuma ƙafafunsu. Da yake su suka biya, sai suka ɗauke ta tasu, suka jure ɗauri da bulala da kora daga gari saboda ita. A zaɓen 1951 ta yi rinjaye a matakin farko a Kano, sai tsarin zaɓe na hawa-hawa ya hana 'yan takararta kaiwa majalisa, amma magoya bayanta ba su watse ba.

Sai dai gaskiyar tarihi ita ce sisin talaka bai ishi jam'iyyar ba. A 1954 ta ƙulla ƙawance da NCNC ta Dakta Azikiwe, wadda ta riƙa taimaka mata da kuɗi. Taimakon ya yi rana, amma ya ba abokan hamayya sandar duka, suka yi ta yayata cewa NEPU 'yar amshin shatan Kudu ce. Bayan zaɓen 1959, wanda Malam ya ci kujerar majalisar tarayya daga Kano, NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, jam'iyyar da 'yan NEPU ke shan azaba a hannunta a gida. Hausawa dai sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya hana NEPU narkewa shi ne saiwarta na ƙasa tun kafin taimakon ya zo.

Malam ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Gowon, sannan ya jagoranci PRP, wadda ta ci jihohin Kano da Kaduna a 1979, gwamnoninta suka soke haraji da jangali. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai tara dukiya ba. Gidansa na Gwammaja, wato Gidan Mambayya, ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ƙarƙashin Jami'ar Bayero.

Ba laifi ba ne ƙungiya ta karɓi tallafi, tunda Malam kansa ya karɓa. Laifin shi ne ta zama ba ta da kowa sai mai ba ta kuɗi, ta iya rubuta rahoto da Turanci amma ba ta da mutum ɗari a unguwa da za su cire naira ɗari-ɗari dominta. Ya kamata lauyoyinmu da likitoci da malaman jami'a da 'yan kasuwa su tambayi kansu wace ƙungiyar unguwa suke biya wa kuɗin wata. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya kyautata namu ƙarshen.