Alhassan Ɗantata: marayan Bebeji da ya kai raƙuma 20 na kuɗi banki

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, duk wanda ya taɓa loda albasa daga Sabon Gida ko Madawa zuwa Kumasi da Akara, to ya bi sawun wani mutum da ya riga shi da shekara sama da ɗari. Shi goro ya ɗauko daga can zuwa ƙasar Hausa, mu kuma albasa muke kai musu.

An haifi Alhassan a Bebeji, kudu da birnin Kano, a 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, daga cikin Agalawa, fataken da masu tarihi suka ce asalinsu daga nan arewa ne, daga ƙasashen Abzinawa, kafin su zauna Katsina da Kano su riƙe fataucin Gwanja. Yaron bai kai shekara goma ba uban ya rasu. Aka raba gado tsakanin ƴaƴa da yawa, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Uwar, Amarya, ita ma ƴar kasuwa ce, ta koma Akara da zama, ta bar ƴaƴanta hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Sunan da duniya ta sani ke nan, Ɗantata. Attajirin da ya fi kowa a zamaninsa da sunan baiwar da ta rene shi ake kiransa.

Ya yi almajirci, ya yi aikin ƙarfi don ya ci. Ana ba da labari cewa Tata ce ta koya masa ajiya cikin asusu: kome ƙanƙantar abin da ya samu, sai ya ci wani ya jefa wani. Mata masu adashi sun fi kowa gane wannan. Da ya tasa ya bi ayari har Akara wurin uwarsa, tafiyar watanni a ƙafa, da jakuna da kaya, ga koguna ga ƴan fashi. Wanda jikinsa bai da ƙwari ba ya wannan sana'a. Uwar ba ta lallaɓa shi ba, ta miƙa shi ga malami, daga baya ya komo Bebeji.

Sai yaƙin basasar Kano ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufu. Aka ci garuruwa, aka kwashe dukiyar fatake, shi kansa Alhassan aka kama shi bawa. Sai da ya fanshi kansa, sa'an nan ya sake farawa daga hannu wofi.

Inda ya bambanta da sauran fatake shi ne wurin hanya. Tsofaffin madugai sun saba da ayari, tafiya guda a shekara, goro yana bushewa a kan jaki, uwar kuɗi tana kwance wata da watanni. Shi ya lura cewa jirgin ruwa yana tashi daga gaɓar Gana ta yanzu zuwa Ikko cikin ƴan kwanaki. Wajen 1906 ya riƙa bi ta Ibadan da Ikko, ya sayi goro a Kumasi, ya sa shi jirgi. Kuɗin da wani ke juyawa sau ɗaya, shi ya juya su sau da dama. A ganina nan ne arzikin ya kafu, tun kafin a yi maganar gujiya. Ribar kaya guda ba ita ce duka ba, a duba sau nawa uwar kuɗi ta je ta dawo.

Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Ikko da Kano a 1912. Turawa sun so auduga, manoma kuwa suka zaɓi gujiya, wadda Kanawa ke ce wa gyaɗa, don ta fi kawo kuɗi kuma ana cin ta idan shekara ta ɓaci. Kamfanonin Turawa suna da kuɗi amma ba su san ƙauye ba. Alhassan ya san ƙauye, yana da yara da dillalai da ya yarda da su tun zamanin goro. A 1918 kamfanin Niger Company ya nemi ya riƙa saye masa. Yadda yake yi, sai ya ba mutanensa jari tun kafin kaka, su bazu kasuwanni, su kawo kaya su yi lissafi. Wannan bashi ne, kuma kowa ya san bashi ya kashe kasuwar mutane da yawa. Shi abin da ya tsare shi, ya san wa yake ba, kuma ya ɗauki malamai masu rubuta shiga da fita. Buhunan da aka riƙa jerawa kamar tsauni a Kano kafin jirgi ya kwashe, dalar gyaɗa, da sunansa ake tuna su.

A farkon shekarun 1920 ya tafi hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. A 1929, da bankin Bank of British West Africa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20. Ku tuna lokacin mutane cikin tukunya suke binne kuɗi, wasu har su mutu magada ba su san inda suke ba. Ga wanda ya taɓa ganin yaƙi ya cinye dukiyar gari, fitar da kuɗi daga ɗaka ba wauta ba ce.

Duk da haka an shaide shi da sauƙin rayuwa, ba ya almubazzaranci da ci ko sutura. Kada dai a ɗauka kowa ya ji daɗin cinikin gujiya: farashi Turawa ke yanka shi, manomi kuma shi ne a ƙarshen layi.

Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara ƴaƴansa ya yi musu wasiyya kada su wargaza kasuwancin, su riƙe shi tare. Mutumin da rabon gado ya bari da ɗan abin da bai kai ya kawo ba ya san abin da yake gudu. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka rufe shi a gidansa na unguwar Sarari a Kano. Ɗansa Sanusi ya rasu a 1997, Aminu kuma a 2025, aka kai shi Madina aka rufe. Mariya ƴar Sanusi ita ce mahaifiyar Aliko Ɗangote.